Zoben Kawu da bugun zuciyar bogi: wata bakwai muna bin sawun lamba a Makka

## Asalin maganar: Nuwamba 2024

Mutumin da zan ba da labarinsa kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, shekararsa 56. Haifaffen nan Makka ne, can wajajen Sharar Mansur, kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa suka ratso Sudan suka tsallako ta Sawakin, suka yi Hajji suka yi zamansu. Direba ne, bas ɗin ma'aikata yake ja kullum tsakanin Makka da Jidda, in aikin Hajji ya kama kuma a juya su jigilar alhazai. Shekara shida ke nan yana da hawan jini, ƙwaya ɗaya yake sha kowace safiya, kuma yana da na'urar awon jini irin ta ɗaurawa a damtse, wadda ban da hawan jinin tana nuna bugun zuciya a ƙasa.

Ni kuwa gyaran waya nake yi, don haka duk wani abu mai caji a dangi in ya rikice kaina yake ƙarewa, ko na iya ko ban iya ba.

Cikin Nuwamban 2024 'yarsa ta fari da ke aure a Jidda ta saya masa zoben nan na zamani mai auna bugun zuciya da barci ya tura wa waya, sama da riyal dubu ta kashe. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Dama kasuwar ta cika da su, akwai Oura na ƙasar Finland da suka daɗe a harkar, Samsung ma sun fito da nasu a 2024, ga na Indiya ga na China, kuma kusan dukkansu dabara ɗaya ce. A cikin zoben akwai 'yan fitilu ƙanana, kore da ja da wani haske da ido ba ya gani, sai wani ɗan ido mai karɓar hasken da ya dawo. Fitila ta haska cikin nama, jini ya shanye wani abu daga hasken, duk sanda zuciya ta buga jinin da ke yatsa ya ɗan ƙaru sai hasken da ke dawowa ya ɗan ragu. Wannan hawa da saukar shi zoben yake ƙirgawa ya ce maka bugu kaza a minti, ana taƙaita sunan dabarar da PPG. Wato dai ba zuciyar yake saurare ba, inuwar jini yake kallo a yatsa.

Ita 'yar tasa so ta yi ta ba shi mamaki, sai ta saci zoben azurfarsa da yake sawa a ƙaramin yatsan dama ta kai kanti, mai kanti ya zura shi a sandar awo ya ce lamba 9. Akwai zobban roba na gwaji da ake ba mutum ya kwana da su kafin ya zaɓi lamba, ba a bi ta kansu ba. Kawu ya cire azurfar ya sa sabon a gurbinta, ƙaramin yatsa, hannun dama.

## Disamba: lambobi sun tada hankalin gida

Sati uku na farko ba wanda ya kula, barci kawai yake dubawa yana dariya wai zobe ya san ya tashi fitsari. Ranar Juma'a 20 ga Disamba ya dawo daga masallaci bayan Asuba ya buɗe manhajar, sai ya ga wai da ƙarfe 6:10 zuciyarsa tana 127. A lokacin kuwa zaune yake a sahu ya jingina da ginshiƙi, ko tari bai yi ba. Ya koma baya a jadawalin, ashe kusan kowace safiya akwai irin wannan tsinin, 119, 124, 130. Cikin dare kuma akasin haka, wajen ƙarfe 3 sai ka ga 41 ko 43, daga nan layin ya yanke ɗif na minti arba'in ko awa guda kamar mutum ya mutu ya dawo. A hanyar Jidda yana tuƙi an samu har 138.

Matarsa, wadda muke kira Umma, cikinta ya ɗuri ruwa, ta ce a kira 997 motar asibiti ta zo. Shi kuma ya ce wallahi ba abin da yake ji, ba jiri ba ciwon ƙirji ba haki. Aka ɗaura masa na'urar damtse ta nuna 74. Umma ta ce ai wannan yanzu ne, abin ya riga ya lafa, kuma gaskiyarta, awon da aka yi minti 40 bayan abu ba ya ƙaryata abin.

Daga ranar mutumin nan ya canza. Ya bar gahwa, ya daina hawa bene zuwa ɗakin 'ya'yansa, kullum waya a hannu yana leƙa lamba. Abin da ba mu sani ba sai daga baya shi ne, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙwayar hawan jinin ce ke saukar masa da zuciya zuwa 41 da dare, sai ya koma shan rabi, wata rana ma ya tsallake.

## Ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu: abubuwan da na gwada

A nan aka kira ni. Kuma na yi abin da duk mai gyaran waya zai yi, na ɗauka matsalar manhaja ce. Na raba zoben da wayar na sake haɗa Bluetooth, na goge manhajar na sauke sabuwa, na sabunta tsarin cikin zoben, ba abin da ya canza. Na mayar da shi kamar sabo fil, wanda ya cinye mana bayanan sati shida a banza, lambobin suka dawo yadda suke cikin kwana biyu.

Ranar 2 ga Janairu na haska cikin zoben da fitilar aiki, sai na ga wani farin danƙo ya bushe a kan 'yan idanun, sabulu ne da man shafawa da turaren udu da Kawu ke gogawa a hannu ran Juma'a. Na wanke da ruwa na goge da ƙyalle mai laushi irin na goge gilashin waya. Kwana biyu yankewar dare ta ragu, daga kusan awa ɗaya zuwa minti ashirin, har na fara jin kai na. Amma 41 ɗin tana nan, 120 da wani abu ta bayan Asuba ma tana nan ko gezau.

Sai muka ce to zoben ne mai matsala tun daga kamfani. 'Yar tasa ta mayar kanti, suka karɓa ba gardama, ranar 14 ga Janairu suka ba da sabo, lamba 9 dai. Safiya ta biyu ya nuna 126.

Umma ce ta fara lura da cewa zoben yana juyi a yatsansa, ta ce ai wannan ya yi masa yawa, ta ɗauko zare ta naɗa a gefe ɗaya irin yadda tsofaffinmu ke yi wa zoben da ya yi sako-sako. Daren farko layin bai yanke ba ko sau ɗaya, mafi ƙanƙanta 58. Sai dai mutumin da ke alwala sau biyar zare ba zai zauna masa ba, ya jiƙe ya kumbura ya zame, rana ta uku ya hau kan fitilar ya rufe ta, ga shi ya hana zoben zama daidai a kan cajarsa. Muka warware. Na ɗauki wannan daren ɗaya a matsayin dace, ban tsaya na yi tunani a kansa ba.

Wani abokin aikina a kasuwa kuma ya kawo tasa, wai ku daina wahala, waɗannan kayan ba don baƙar fata aka yi su ba. Maganar tana da tushe, don a 2020 wasu likitoci a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa a auna iskar oksijin, wanda ya yi tashe lokacin korona, ya fi yin kuskure a kan baƙaƙen fata. Amma wancan maganar oksijin ce, mu ƙirgen bugu muke fama da shi, sannan na buɗe tafin hannun Kawu na nuna masa, cikin yatsa ai fari ne tas in ka haɗa da bayansa. Muka bar ta a nan, ko da yake ta dawo ta wata ƙofar daga baya.

## 21 zuwa 22 ga Janairu: likita

Umma ta kafe sai an je asibiti, kuma da ma tun farko aka je. Likitan, wani ɗan Sudan ne dattijo, ya auna jini ya samu 158 bisa 96, ya tambayi yadda ake shan magani, a nan asirin rabin ƙwaya ya tonu. Ya yi wa Kawu faɗa sosai, ya ce ba a rage maganin hawan jini saboda zobe, in ma akwai abin ragewa shi ne zai rage. Aka manna masa wayoyi a ƙirji aka yi gwajin ECG, wato awon lantarkin zuciya, bugu 72, tafiyar daidai. Likitan ya ce dole ne a yi wannan gwajin, don akwai mutanen da zuciyarsu ke bugawa ba bisa ƙa'ida ba, irin wannan yakan rikita na'urorin haske su dinga ba da lambobi barkatai, to a wajensu shirmen na'urar ma alama ce. Don haka bai tsaya nan ba, ya ɗaura masa ƙaramar na'urar da ake kira Holter, wadda ake kwana da ita awa 24 tana ɗaukar kowane bugu ta hanyar lantarkin zuciya.

Na roƙi Kawu kar ya cire zoben a wannan ranar, ya yi komai yadda ya saba. Sakamakon ya fito: mafi ƙasa a Holter 56 cikin barci, mafi sama 112 lokacin da ya hau bene da jarkar ruwa. A daren nan ɗaya zoben ya rubuta 42 da ƙarfe 3:20. Da safe bayan Asuba zoben ya ce 125, Holter a wannan mintin 71.

Likitan ya sallame mu da magana ɗaya, in ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na yankewa ko ya ga kamar zai suma, kar a tsaya duba waya, a taho. Ya koma ƙwaya cikakkiya. Hankalin Umma ya kwanta, Kawu ya ce a jefar da zoben. Ni ne na ce a'a Kawu, ka ba ni sati biyu, don abin ya tsaya mini a rai, ruwa ai ba ya tsami banza, me zai sa zobe biyu daban-daban su yi ƙarya iri ɗaya a lokaci ɗaya.

## 1 zuwa 14 ga Fabrairu: littafi da biro

Na sayi ƙaramin littafi na ba autarsa mai shekara 15. Aikinta, sau huɗu a rana ta rubuta lokaci, abin da Baba yake yi, lambar zobe, lambar na'urar damtse, sannan ina 'yan idanun zoben suke kallo, cikin hannu ko gefe ko baya. Na koya mata ƙirga bugu da hannu ma, yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ta ƙirga na daƙiƙa 30 ta ninka biyu. Ga babban mutum yana zaune, tsakanin 60 da 100 shi ne aka saba ɗauka lafiya, na Kawu kullum yana yawo ne tsakanin 68 da 78.

Kwana huɗu kacal abu na farko ya fito. Duk sanda idanun ke cikin hannu, bambancin zobe da na'urar damtse bai wuce bugu 2 ko 3 ba, misali 73 da 75, ko 70 da 69. Duk sanda suka juya baya ko gefe, ko dai zoben ya ƙi ba da lamba ko ya ba da wata aba daban, 49 a inda na'ura ke cewa 72. Kuma yarinyar ta gano yaushe yake juyawa: wajen alwala. Kawu yakan murza zoben don ruwa ya shiga ƙarƙashi, to duk inda ya tsaya nan yake barinsa har wata sallar. Da dare ma haka, ya yi alwalar Isha'i, ya murza, ya kwanta. Jijiyoyin da ke kai jini yatsa ta ɓangaren ciki suke bi, bayan yatsa kuwa fata ce da ƙashi da gashi, jini kaɗan, ga shi a wajenmu nan ne fatar ta fi duhu, kuma duhun fata yana shan koren haske. To ka ga maganar abokin aikina ta dawo, sai dai ba yadda ya faɗe ta ba.

Abu na biyu sanyi. Na kwana biyu a falonsu don in gani da idona. Kawu ko a Fabrairu mukayyif, wato esi, a kan 18 yake barinsa, ya lulluɓe da bargo amma hannun dama a waje yana reto daidai inda iska ke bugawa. Ƙarfe 3 na taɓa yatsun, sanyi ƙalau kamar an ciro daga firij. In yatsa ya yi sanyi jijiyoyi tsukewa suke, jinin da ke zuwa ya ragu, yatsan ma ya ɗan motse zoben ya ƙara sakwarkwacewa. Hawa da saukar hasken dama ɗan mitsitsi ne, in ya ƙara dushewa sai zoben ya kama wani bugu ya rasa wani, ya ba ka 42, in ya rasa gaba ɗaya layi ya yanke. Muka mayar da mukayyif 23, hannu cikin bargo, idanu a ciki kafin kwanciya. Dare biyar a jere mafi ƙanƙanta bai sauka ƙasa da 55 ba.

Na uku shi ya ba mu wahala, don safiyar da muka tabbatar zoben na zaune daidai kuma hannu da ɗumi, bayan Asuba ya sake buga 124. Ranar 11 ga wata na bi shi masallaci na zauna gefensa ina kallon hannun kawai. Aka sallame, aka yi addu'a, ya jingina da ginshiƙinsa, ya zaro carbi daga aljihu ya fara wuridi. Kawu irin mutanen nan ne masu saurin jan carbi, babban yatsa na turo ƙwaya sauran yatsun na ɗan matsewa suna saki, tak tak tak, jiki kuwa ko motsi. Na kunna agogon waya a ɓoye, ƙwaya 100 cikin daƙiƙa 48. In ka buga lissafi wannan 125 ke nan a minti. Muka koma gida muka buɗe manhaja: 124.

Na yi dariya har Umma ta fito. Washegari na ce Kawu don Allah yau ɗaya ka ja da hagu, ya harare ni amma ya yi, zoben ya ba da 72. Jibi ya koma dama, 121. Abin da ke faruwa shi ne, kowane matsi na yatsa yana motsa zoben da naman da ke ƙarƙashinsa, hasken da ke dawowa ya hau ya sauka a jere daidai wa daida kamar bugun zuciya, kuma ya fi na zuciyar ƙarfi, sai zoben ya bi shi. Masu gudu suna samun irin wannan da agogon hannu, ya bar zuciya ya koma ƙirga taku. Na Kawu istigfari yake ƙirga masa.

## Rabin Fabrairu na biyu: rigimar yatsa

Takardar zoben, kamar ta yawancinsu, manuniya ta fi so, in ba ta samu ba na tsakiya ko na kusa da ƙarami. Ƙaramin yatsa ba ya cikin waɗanda aka fi yabawa, siriri ne, naman kaɗan. Na ce to Kawu sai mu koma manuniyar hagu. Ya ce shi fa ba zai sa zobe a manuniya ba ko na zinaren Sarki ne, balle ma zinare haramun ne. Na ɗauka taurin kai ne irin na manya, ashe da hujjarsa. Muka tambayi limamin masallacin unguwa, ya ce akwai hadisi a Sahihu Muslim da Sayyadina Ali ya ce Annabi (SAW) ya hana shi sa zobe a na tsakiya da wanda ke biye da shi, wato manuniya, kuma Imamu Nawawi ya ce ga namiji makaruhi ne a waɗannan biyun, mata kuwa duk yatsan da suka so. Na kusa da ƙarami hanin bai ambace shi ba, kuma sawa a hagu ba laifi, Malikiyya ma hagun suka fi so. Liman ya ƙara da cewa abin da aka sa don lalurar lafiya ba ɗaya yake da na ado ba, amma Kawu ya riga ya ji abin da yake so ya ji, na kusa da ƙarami, hannun hagu, magana ta ƙare.

Lamba 9 ta ƙi wuce gaɓar wannan yatsan, kuma irin wannan zoben ba a buɗa shi ba a matse shi kamar azurfa a wajen maƙeri, batir da wayoyi ne cikinsa. A wannan karon muka karɓo zobban roba na gwaji. Ya kwana biyu da 11, ya kwana biyu da 10, yana tuƙi da su yana alwala da su. 11 da safe kamar daidai, amma in hannu ya jiƙe juyawa yake da kansa. 10 sai an ɗan murza yake wuce gaɓa, in ya zauna kuma ya zauna, in ka dunƙule hannu ba rata tsakaninsa da fata. Kantin suka ƙi musanya karo na biyu kyauta, 'yar tasa ta sayi sabo, ranar 24 ga Fabrairu lamba 10 ta iso. Na ɗiga masa ɗan farin fenti a saman zoben ta waje, na ce Kawu bayan kowace alwala in kana ganin farin nan a bayan hannunka shi ke nan, in ba ka gani ka juyo shi.

Daga 24 zuwa 28 ga wata autar ta yi awo 20. A 18 bambancin bai wuce bugu 3 ba, biyun da suka kauce ɗaya 6 ne ɗaya 8, kuma duka biyun yana shigowa ne daga tuƙi hannu a sanyaye. Bayan Asuba, carbi a dama zobe a hagu, 70 zuwa 74.

## Maris: Ramadan ya kawo wata sabuwa

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Sati na farko lafiya, matsakaicin bugunsa cikin barci 61. Shiga goman tsakiya ya fara hawa, 65, 67, goman ƙarshe har 70. Kawu ya kira ni, kai yaro zoben naka ya koma halinsa. Na je da littafin, muka duba farin ɗigo yana sama, hannu da ɗumi, muka ɗaura na'urar damtse da ya farka: zobe 71, na'ura 70, ƙirgen hannu 72. Kwana uku muna maimaitawa, bakinsu ɗaya.

Wannan karon ba ƙarya ba ce. Mutum ne da ke tuƙi da azumi, ya sha ruwa da gahwa da dabino, ya bi da shayi, ya yi tarawihi, goman ƙarshe ga tahajjud, ya cika ciki da shinkafa da nama a sahur ya kwanta bayan Asuba na awa uku. Ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin barci da kwanciya da abinci mai nauyi duk suna ɗaga bugun zuciya. Aka yi Sallah 30 ga Maris, zuwa 10 ga Afrilu ya sauko 62 ba tare da mun taɓa komai ba.

## Yuni: zafi da aikin Hajji

Tsugune ba ta ƙare ba. Zafin Makka na Yuni ya wuce 40 kullum, kuma an tsaya Arfa ranar 5 ga wata, kwanakin nan Kawu sai ya yi awa goma sha a kujerar bas. Yatsun suka kumbura, lamba 10 da ta zauna daidai a Fabrairu ta koma tana shata masa zobe a fata, ranar 6 ga wata sai da aka tsoma hannun a ruwan sanyi aka shafa sabulu kafin ya fita. Matsi da yawa shi ma korar jini yake daga wurin, lambobin rana suka sake watsewa. Ba mu sayi na uku ba. Ya koma cire shi da safe in zai fita aiki, ya sa bayan Isha'i in hannu ya saɓe, haka har aka gama jigila.

## Yadda na ga abin bayan wata bakwai

Zoben farko lafiyarsa ƙalau, na biyu ma haka, sati ukun da na ɓata a kan manhaja da Bluetooth ba su da alaƙa da matsalar ko kaɗan. Babban abin shi ne lamba da yatsa: zobe ya yi yawa a ƙaramin yatsa, yana juya idanunsa zuwa bayan hannu, kuma Umma da zarenta ta riga ni ganowa da wata guda. Sanyin mukayyif shi ya ƙara rura 41 ɗin dare, wanki ya taimaka amma kaɗan, carbi kuwa shi kaɗai ya haifar da tsinin safiya kuma raba hannu kawai ya kashe shi. Abin da ya ba mu damar rarrabe waɗannan ukun shi ne awo biyu a minti ɗaya da rubuta abin da mutum yake yi a lokacin, wanda Holter ta fara yi mana, littafin autar ya ƙarasa. Shi ne kuma ya hana mu zargin zoben a Ramadan lokacin da yake faɗar gaskiya.

Ɓarnar gaske da aka yi a duk tsawon lamarin ita ce wata guda da Kawu ya yi yana shan rabin ƙwaya, har jininsa ya kai 158 bisa 96.

Tuƙi ne kawai bai gyaru ba. Hannun hagu shi ke riƙe da sitiyari, damƙa tana matse zoben, jijjigar bas tana kaɗa shi, iskar mukayyif ɗin mota tana busa yatsun, har yanzu yakan rubuta 130 a hanyar Jidda, in ya tsaya ya ƙirga da hannu ya samu 80 da 'yan kai. Mun bar wannan ɓangaren jadawalin, barci da zaman hutu kawai yake dubawa. Awon ƙarshe da na yi masa ranar 27 ga Yuni bayan La'asar, zobe 73, na'urar damtse 74. Lamba 9 ɗin kuma tana hannun autar, a manuniyarta ta dama, ita ba ruwanta da maganar makaruhi.